Shawara ga masu shirya walimar kaka a jami'a

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗalibai na Jami'ar Abdou Moumouni. Tunda kaka ta kama, sabon gero ya shigo, ga shawarata ga masu son haɗa walima a Harobanda, unguwar da jami'armu take a Yamai.

Kafin ku tsayar da ranar walimar, ku duba kalandar Musulunci ku ga ko ta zo daidai da Mauludi. Mauludi yana faɗowa ne ranar 12 ga Rabi'ul Awwal, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kusan kwana 11, don haka kada ku ɗauki ranar bara ku ce ita ce ta bana. Wanda bai zuwa Mauludi kuma a bar shi da fahimtarsa, kada a tsangwame shi.

Abin da na fi so ku kula da shi, shi ne abinci. Maimakon ku tara kuɗi ku sayo shinkafa kawai, kowa ya kawo na garinsu. Ɗan Tawa ya zo da fura, Bazabarme ya haɗa kopto (kwaɗon ganye), Bafulatana ta kawo nono, ɗan Agadas ya ɗora shayi a kan gawayi. Wallahi a bakin wannan shayin ne na ga mutanen da shekara guda suna aji ɗaya ba su gaisawa sun zama abokai. Ku gayyaci ƴan uwanmu Kirista da baƙi ɗalibai, kuma a yi sanarwa da Hausa da Zabarmanci da Faransanci.

Ku nemi izinin hukumar makaranta da wuri. A fara bayan la'asar, a kashe amsa-kuwwa idan an kira magariba, a kuma tanadi ruwan sanyi da yawa, don zafin Oktoba a Yamai ba wasa ba ne.