Liyari da tsofaffin sulalla: kurakuran da ke sa mutum ya sayi jabu da kuɗin azurfa

Na gaji da hoton liyari a tafin hannu da ake turo mini ta waya, da tambaya iri ɗaya kullum: "Malam, wannan na gaske ne? Miliyan nawa zai yi?" Hoto ba shi da nauyi, ba shi da ƙara, kuma mai yin jabu fuskar da za ka ɗauka hoton ita ya fi gyarawa. To bari in jera abin da nake ta maimaitawa, in huta.

Babban abin da ke cin kuɗin mutane shi ne shekarar nan 1780 da ke bayan liyari, gefen mikiya mai kai biyu. Mutum ya gan ta, ya yi lissafi a ransa, ya ce ai wannan ya girmi jihadin Shehu, sai jikinsa ya hau rawa. Matar da ke jikin kuɗin Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, kuma a 1780 ta rasu. Saboda fataken ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan sun saba da shi, ba sa karɓar wani, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a canzawa. A shekarun 1930 da 1940 an buga shi a Rum da Landan da Faris da Bombai, kuma har gobe gidan buga kuɗi na Biyana, babban birnin Ostiriya, yana fitar da sabo fil da 1780 a jikinsa. An buga ɗaruruwan miliyoyi. Da Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da guda, wato kuɗin ciniki ne na yau da kullum, irin wanda mata ke rataya a wuya, maƙeran fari kuma su narka su yi mundaye da zobba. Yawancin wanda zai zo hannunka darajarsa ita ce ta azurfar da ke ciki, giram 23 da ɗan ɗoriya, sai ɗan abin da mai sha'awa zai ƙara. Akwai na farko-farko masu tsada, amma masana ne ke gane su ta ƙananan alamu, ba ta shekara ba.

Wasu kuma da sun ji wannan bayani sai su tsallaka ɗaya gefen, su ce ashe duk jabu ne. A'a. Wanda aka buga a Landan azurfa ce sosai, tsufa ne kawai ba shi da shi.

Kuskure na biyu, wanda ya fi ba ni haushi, shi ne dogaro da maganaɗisu. Wani saurayi ya taɓa kawo mini ƙunshin liyari a tsumma, wai wani ya haƙo su a tukunya gindin tsohuwar katanga, yana sauri zai yi tafiya shi ya sa ya karyar. Na ce ka gwada? Ya ce sosai ma, ya sa maganaɗisu bai kama ko ɗaya ba. Haba ɗan'uwa! Gaskiya ne maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ai ba ya kama tagulla, ba ya kama dalma, ba ya kama kuza. Mai yin jabu ya san ka da maganaɗisunka tun kafin ka fito daga gida. In ya kama, magana ta ƙare, jabu ne. In bai kama ba, ba ka san kome ba tukuna. Da muka ɗora na saurayin nan a sikeli babu wanda ya kai giram 24, kuma mai tukunya ya riga ya kashe waya.

Ni sikeli nake fara fitarwa kafin in saurari labarin kowa, ƙaramin nan na masu sayar da zinariya. Liyari na gaskiya giram 28 ne da ɗigo kaɗan, faɗinsa wajen milimita 40, kaurinsa biyu da rabi. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu, amma ni in ya faɗo ƙasa da 27 na fara zargi. Dole a haɗa nauyi da girma, domin tagulla ba ta kai azurfa nauyi ba, mai jabu in yana son nauyi ya cika sai ya ƙara kauri. In har yanzu raina bai kwanta ba, sai in ɗora kofin ruwa a sikeli, in mayar da shi sifiri, in ɗaure kuɗin da zare in nutsar ba tare da ya taɓa gindin kofi ba. Abin da sikeli ya nuna, sai in raba nauyin kuɗin da shi. Liyari yakan ba da wajen 10.2, tagulla ba ta kai 9 ba, dalma ta wuce 11.

Sannan mutane ba sa duba baki. Suna ta kallon fuskar sarauniya, alhali a kewayen bakin liyari akwai rubutu mai tudu, IUSTITIA ET CLEMENTIA, da 'yan ado a tsakani. Na gaske bugawa ake yi, jabu kuwa yawanci zubi ne, shi ya sa za ka ga rubutun bakin ya dushe ko babu shi, ko ka ga siririn layi inda ɓari biyu suka haɗu. Da gilashin ƙara girma kuma za ka ga ƙananan ramuka a fili kamar zanen agana. Duba haruffan S.F. a ƙarƙashin hoton sarauniya, da duwatsun maɓallin kafaɗarta, su fito ɗaiɗai, kada su narke cikin juna.

Ƙara tana taimakawa: ɗora shi a kan yatsa, ka ɗan taɓa shi da wani, azurfa za ta yi amo mai tsawo, dalma ta ce ƙwas ta yi shiru. Amma sai kana da na gaske a kusa da za ka kwatanta. Kuma don Allah a daina jefa shi a siminti.

Sulallan zamanin Turawa ma ana ruɗewa a kansu. Sisi da taro da sule da fataka na Afirka ta Yamma waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, sule giram 5.66, fataka ninkinsa. Daga 1920 aka koma ƙarfe mai ruwan ɗorawa, saboda haka in ka ga sule mai bishiyar kwakwa na 1938 yana fari ƙal, wanke shi aka yi da ruwan azurfa. Kwabo mai huji da anini kuwa ba su taɓa zama azurfa ba, ko me wani ya gaya maka game da miliyoyin da ake saye. Na Ingila daga 1947 babu azurfa a ciki ko kaɗan.

Masu wanki, ku ne kuka fi ɓarna bayan 'yan damfara. Toka, tsamiya, lemun tsami, man goge baki, har da soson ƙarfe! Baƙin nan da azurfa ke yi da kanta shaida ce, kuma mai saye na gaske ya fi son sa a haka. Ni ruwa da sabulu kaɗai nake yarda da su, in tsane da tsumma mai laushi. Haka masu kai wa maƙeri ya goga da magagari ya ɗiga ruwan gwaji: za a gane azurfa ce, amma an bar tabon da ba ya fita, kuɗin ya koma na narkawa.

Liyarin gado kuma, irin na kakanni mai hanci da aka liƙa don rataya, nauyinsa zai haura 28 saboda hancin, gwajin ruwa ma zai ɗan kauce. Kada ka ce jabu ne, kada kuma ka ɓalle hancin don ka auna. Duba rubutun baki da faɗi, ka bar shi a zarensa.