Yadda Ake Gano Hannun Ɗan Adam a Tsananin Zafi da Mamakon Ruwan Sama

Duk sa'ad da zafi ya wuce misali, ko ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya ya tafi da gadoji, sai ka ji ana tambaya: sauyin yanayi ne ya jawo wannan? Masu nazarin yanayi ba sa amsa tambayar a haka, domin tun kafin a kafa masana'anta ta farko ana zafi, ana ambaliya. Abin da ke aunuwa shi ne sau nawa yiwuwar aukuwar lamarin ta ninka, kuma digiri nawa ko milimita nawa ya ƙaru a kan yadda zai zo da ba mu cika sararin sama da hayaƙin kwal da man fetur da gas ba. Fiye da rabin wannan aikin mai kwamfuta da Excel da haƙuri zai iya yin sa.

Ƙayyade lamarin kafin ka buɗe alkaluma

Rubuta a takarda abin da za ka auna: wane yanki, wane lokaci na shekara, tsawon kwana nawa. Ga zafi, an fi amfani da rana mafi zafi a kowace shekara, wadda masana ke yi wa laƙabi da TXx, ko kuma matsakaicin kwana uku zuwa biyar mafiya zafi a jere. Ga ruwa, akwai ruwan kwana ɗaya mafi yawa a shekara, Rx1day, da na kwana biyar a jere, Rx5day. Na farko ya dace da ambaliyar da ke cika magudanan gari cikin sa'o'i, na biyu kuma da cikar manyan koguna.

Dalilin yin haka tun farko shi ne son zuciya. Wanda ya fara duba alkaluma, ya tsinci tasha ɗaya tilo da ta kafa tarihi, sannan ya zana iyakar bincikensa a kanta, zai samu sakamako mai kumbura. Ɗauki yanki mai tashoshi da dama, har da waɗanda ba su nuna komai ba.

Samo bayanai, ka tankaɗe su

Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, tana ajiye awon tashoshin duniya na kullum a rumbun GHCN-Daily, kuma kyauta ne. Inda tashoshi suka yi ƙaranci, akwai ERA5, rumbun bayanan da ke haɗa awo da lissafin kwamfuta, na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, wanda ya faro daga 1940, da CHIRPS da ke haɗa awon tauraron ɗan Adam da na tashoshi don ruwan sama tun 1981. Kana buƙatar shekara 30 aƙalla. Ga ruwa, 30 ba ta isa a kafa hujja ba. Nemi 50 ko fiye.

Nan ne aiki ya fi lalacewa, don haka kada ka yi garaje. A ainihin fayilolin GHCN ana rubuta zafi da ruwa ne a kashi ɗaya cikin goma, wato 385 na nufin digiri 38.5 a ma'aunin Salshiyas, 1204 kuma milimita 120.4. Ranar da ba a yi awo ba ana saka mata -9999. Ka bar ɗaya a cikin lissafi, matsakaicin shekarar ya rushe. Abin da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne ranar da ba a auna ba amma aka rubuta mata sifili, da kuma ruwan kwana biyu ko uku da ya taru a mazubin awon ruwa aka karanta shi rana ɗaya, ya fito kamar gagarumin mamako. In ka ga babbar lamba bayan kwanakin da babu awo, ka zarge ta. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a jefar da watan da ya rasa fiye da kwana 3, da shekarar da ta rasa fiye da kwana 15.

Sai tarihin tashar kanta. An taɓa matsar da ita daga tsakiyar gari zuwa filin jirgin sama? An sauya ma'aunin hannu da na'ura mai sarrafa kanta? Gine-gine da kwalta sun kewaye ta? Siminti yana riƙe zafin rana ya sake shi da dare, sai tashar ta nuna ɗumamar da ta garin ce kawai. Gwajin mai sauƙi ne: ɗebe matsakaicin kowace shekara na tashoshin maƙwabta biyu ko uku daga na tasharka, ka zana ragowar. Idan layin yana tafiya lafiya sai ya yi tsalle a shekara ɗaya ya zauna a can, an taɓa tashar ne, ba yanayi ne ya sauya ba.

Ƙirga

Ɗauki 1961 zuwa 1990 a matsayin ma'auni. Nemo zafin da kashi 10 cikin 100 kacal na ranakun wancan zamani suka zarce, ka yi hakan ga kowane lokaci na shekara daban domin kada watannin zafi su cinye lissafin. Da yanayi bai motsa ba, kusan kwana 36 ne a shekara za su ci gaba da haye wannan layi. Ƙirga na kowace shekara har zuwa yau ka gani. Maimaita da zafin dare. Mutane suna mantawa da shi, alhali daren da bai huce ba shi ne ke hana jiki farfaɗowa, kuma a wurare da yawa darare masu ɗumi sun fi ranaku masu zafi saurin ƙaruwa.

Ga ruwa, ware ranakun da aka samu milimita 1 ko fiye, ka nemo kashi 5 cikin 100 mafiya ƙarfi a zamanin ma'auni, sannan ka duba kaso nawa na ruwan kowace shekara ne ke sauka a irin waɗannan ranaku. Jimillar shekara na iya tsayawa cik yayin da wannan kaso ke hawa, ma'ana ruwan yana taruwa ya sauko a kwanaki kaɗan.

Don sanin wuyar aukuwar lamari, jera mafi girman awon kowace shekara daga babba zuwa ƙarami. Ƙara ɗaya a kan adadin shekarun, ka raba da matsayin lamarin a jerin. Na uku a jerin shekara 59 ya zama na sau ɗaya a shekara 20. Kada kalmar ta ruɗe ka: ruwan "shekara 100" yana nufin yiwuwar kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, kuma cikin shekara 30 yiwuwar a gamu da shi ta kai kashi 26.

Hawan layi bai isa ya kama mai laifi ba

Ganin alkaluma suna hawa ya nuna akwai sauyi, bai faɗi wanda ya jawo shi ba. Dole a sallami sauran waɗanda ake zargi. El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke zuwa lokaci-lokaci, yana ɗaga zafin duniya na shekara ɗaya ko biyu, kamar a 1997 zuwa 1998 da 2015 zuwa 2016, don haka kada ka fara ko ka rufe layinka a kan irin wannan shekara. Aman dutsen Pinatubo na Filifins a 1991 ya sauke zafin duniya da kusan rabin digiri na ɗan lokaci. Rana kuwa tun ƙarshen shekarun 1970 taurarin ɗan Adam ke auna ƙarfinta, kuma ban da hawa da saukarta na shekara 11 ba ta ƙaru ba. Da ita ce sanadi, da sama da ƙasa duk sun ɗumama. Abin da ake gani shi ne ƙasa na ɗumama, can ƙololuwar sararin sama kuma na ƙara sanyi, wanda shi ne tambarin iskar kabon da ke fita daga ƙona kwal da man fetur da gas. Iskar ta tashi daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a yau.

Dabara mai amfani ita ce ka zana alkalumanka a kan matsakaicin zafin duniya na kowace shekara maimakon a kan shekarun kansu. Gangaren layin zai gaya maka digiri nawa zafin yankin ke ƙaruwa a duk digiri ɗaya na duniya. Kada ka yi mamakin ganin fiye da ɗaya: rahoton 2021 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya nuna tudu ya ɗumama da kusan digiri 1.6, teku kuma 0.9.

Mataki na ƙarshe na manhajojin kwaikwayon yanayi ne. Ana gina duniya biyu a kwamfuta, ɗaya da hayaƙinmu, ɗaya da rana da duwatsu masu aman wuta kaɗai, a gudanar da kowace sau da yawa, a ƙirga sau nawa lamarin ya auku. A ce a duniyar da babu hayaƙi yana zuwa sau ɗaya a shekara 50, wato kashi 2, a tamu kuma sau ɗaya a shekara 10, wato kashi 10. Raba 10 da 2: yiwuwar ta ninka sau biyar, kuma huɗu cikin kowane biyar na irin wannan lamari namu ne. Da wannan hanya masanin yanayi Peter Stott da abokan aikinsa suka nuna a 2004 cewa ayyukan mutane sun ninka haɗarin zafin da ya afka wa Turai a 2003 aƙalla sau biyu. Kafin ka yarda da manhaja, tabbatar tana iya fitar da daminar yankin da lokacin zafinsa daidai da awon gaske. Wadda ta kasa, a ajiye ta.

Abin da ya sa ruwa ya fi zafi wuya

Ka'idar a bayyane take: duk ƙarin digiri ɗaya, iska na iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, kuma mamakon ruwa yana bin wannan adadi kusa da kusa, ko da yake jimillar ruwan duniya ba ta ƙaruwa da fiye da kashi 2 zuwa 3. Matsalar ita ce ruwa ba ya sauka bai ɗaya. Hadari na iya juye milimita 100 a kan mazubi ɗaya, wani mazubin mai nisan kilomita goma ya kwana a bushe. Manhajojin duniya kuma suna yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita 100, sai su baje ruwan hadari ɗaya a kan faɗin duka. ERA5 ma yana rage kaifin irin wannan ruwa, don haka kada ka gwama lambarsa kai tsaye da ta mazubi.

Bambancin ya fito fili a bazarar 2021. Garin Lytton na Kanada ya kai digiri 49.6 a watan Yuni, kuma ƙungiyar masu bincike ta World Weather Attribution ta ce da wuya ƙwarai hakan ya faru ba tare da ɗumamar da muka jawo ba. Ga ruwan da ya yi ɓarna a Jamus da Beljiyam a watan Yuli, amsar da suka samu ita ce yiwuwar ta ninka tsakanin sau 1.2 zuwa sau 9. Duka biyun sahihan amsoshi ne, girman rashin tabbas ne ya bambanta.

Gwada sakamakonka da manyan alkaluma. Masana yanayi Erich Fischer da Reto Knutti sun ƙiyasta a 2015 cewa kusan kashi 75 na ranaku masu tsananin zafi a tudu, da kusan kashi 18 na ranakun mamakon ruwa, ɗumamar duniya ce ta kawo su. IPCC ta ce zafin da a da ke zuwa sau ɗaya a shekara 10 yanzu yana zuwa kusan sau 2.8, ruwan kwana ɗaya mai irin wannan wuya kuma sau 1.3. Idan lissafinka ya ce ruwan yankinka ya ninka sau ashirin, koma ka binciki tashar kafin ka sanar da kowa.

Wajen rubuta sakamako, ba da tazara daga ƙasa zuwa sama, kada ka ba da lamba ɗaya. Idan tazarar ta haɗa da 1, wato yiwuwar ba ta sauya ba, faɗi cewa bayanan ba su isa a yanke hukunci ba, wanda ya sha bamban da cewa babu tasiri. Ka kuma raba ruwan da ya sauka da ɓarnar da aka yi: toshewar magudanai, gini a kan hanyar ruwa da sare dazuzzukan gangare suna iya ninka ambaliya ko da milimita ɗaya bai ƙaru ba, kuma wannan lissafi ne dabam da ke buƙatar awon kogi da taswirar amfani da ƙasa.