Yadda na gyara kuskuren saiti: hannun dama, idon hagu

Bindigar farauta ce mai lasisi, ina ɗora ta a kafaɗar dama, amma duk harbin da na yi wa kwali a tazarar mita 20, a wani fili bayan garin Sakkwato, sai harsashi ya tafi hagu. Na canza harsashi, na zargi bakin bindigar da lanƙwasa. Duk ba nan take ba.

Ashe idona na hagu ne ke jagorantar gani, shi ke ɗaukar saiti maimakon na dama da ke kan layin bindigar. Gwajin ba wuya: miƙa hannuwanka, ka haɗa tafukan ka bar ƙaramar kafa, ka kalli abu mai nisa ta cikin kafar da idanu biyu, sannan ka rufe su ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai kauce masa ba, shi ne jagora.

Gyaran: cire harsashi tukuna. Sa tabarau na kariya, ɗora bindigar, kunci manne da katakonta. Sai wani ya liƙa maka guntun salatif mai duhu-duhu, kamar santimita ɗaya, a gilashin hagu, daidai inda ya tare wa idon ganin ƙwayar saiti, wato ɗan ƙarfen da ke saman bakin bindigar. Kada ka rufe gilashin gaba ɗaya, za ka rasa ganin gefe.

Harsashi ya dawo tsakiya, alhamdu lillahi.