Yadda nake duba hannuna da kafaɗata saboda dajin fata

Ni zabiya ne, malamin firamare, kuma tun ina ƙarami aka saba mini da hula da riga mai dogon hannu. Duk da haka ba ni na fara ganin abin da ya fito mini a bayan kafaɗar hagu ba. Uwargida ce ta lura wata rana na fito daga wanka, ta ce, "Malam, ɗan tabon nan na bayanka fa ya ƙara faɗi." Na ce ƙurjin zafi ne. Ta ce ita ba ta taɓa ganin ƙurjin zafin da ya yi wata uku ba. Da aka cire aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna melanoma ne, wato dajin da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. Allah Ya sa bai yi zurfi ba. Tun daga nan nake duba jikina sau ɗaya kowane wata.

Ka fara da neman wanda zai duba maka, domin ido ba ya kaiwa bayan kafaɗa. Mata, miji, ɗan'uwa, duk wanda ba ka jin nauyinsa. In babu, ka haɗa madubi biyu, babba a bango, ƙarami a hannu. A yi da rana kusa da taga, hasken fitila yana ɓoye launi. Cire riga, ka faro daga yatsu da farce da tafin hannu, ka hauro zuwa gwiwar hannu da damtse ciki da waje, sannan kafaɗa, allon kafaɗa da ƙeya.

Kusan kowa yana da tawadar Allah a jikinsa, kuma yawancinsu ba su da illa. Ta lafiya takan zama a zagaye, launinta ɗaya, ta shekara da shekaru yadda take. Wadda za ka sa wa ido ita ce wadda in ka raba ta biyu a zuci ɓangarorin ba su yi kama da juna ba, ko bakinta ya yi karkace-karkace, ko launi ya cakuɗe a cikinta, baƙi da ruwan ƙasa da ja. Haka in faɗinta ya wuce milimita 6, kamar robar gogewa ta gindin fensir. Amma a wurina abin da ya fi duk waɗannan shi ne sauyi. Tabon da ke girma, ko ya fara ƙaiƙayi, ko ya riƙa fitar da jini ba tare da ka sosa ba, ko ya yi ɓawo ya ƙi warkewa, kada ya wuce makon nan likita bai gan shi ba. 'Yan'uwana zabiya, ku lura da kyau: namu sau da yawa ba ya yin baƙi. Nawa jaja-jaja ne, shi ya sa na raina shi.

Tunani yana ruɗin mutum, don haka nake ɗaukar hoto. Uwargida takan ɗora rula kusa da tabon ta ɗauka da waya, a wuri ɗaya, cikin haske ɗaya. Wata mai zuwa sai mu jera hotunan biyu.

Daga nan ka ɗaga hannu ka lalubi hammata da yatsu uku. In dajin hannu ko kafaɗa zai bazu, a nan ya fi fara sauka. Kaluluwar da ta biyo bayan rauni takan yi zafi ta sace da kanta. Mai tauri, marar zafi, da ta yi makonni, ita ce abin kaiwa asibiti.

Masu baƙar fata kada su ce ba ruwansu. Gaskiya ne cutar ta fi yawa ga farar fata, amma in ta zo wa baƙi ta fi son tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, wuraren da rana ma ba ta cika bugu ba. Bob Marley, mawaƙin Jamaika, a ƙarƙashin farcen ƙafarsa ta fara, ta yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36. Baƙin layi a farce guda da ke ƙara faɗi, ko ya malala kan fatar gindin farcen, abin dubawa ne. Mata su duba lokacin da lalle ya fita.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake yi bayan an gani. An ba ni shawarar wanzami, an ba ni ta sakiya, wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, daji ba ya son ƙarfe." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma da na bi, da na cuci kaina. Likita yana buƙatar tabon cikakke, ba a ƙona ba, ba a tsaga ba, domin a auna zurfinsa a cikin fata. Wannan awon shi ke nuna aikin da za a yi: in bai wuce milimita 1 ba, akan ƙara yanke santimita 1 na fata a kewaye, in ya haura milimita 2, santimita 2. Yankan farko da allurar kashe zafi aka yi mini, a ranar na koma gida. Ka je babban asibitin garinku ka nemi a tura ka wurin likitan fata, irin na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. In sakamako ya fito, ka karɓi takardar, ka tambayi zurfin, ka adana.

Batun rana kuwa, ina kauce mata daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma gwargwadon iko. Riga mai kauri mai dogon hannu, malfa, da man kare rana mai lambar SPF (ma'aunin ƙarfin kariyarsa) 30 zuwa sama, a sake shafawa bayan awa biyu in ana waje. Hazon hunturu ba ya tare ta, ko lokacin ina shafawa. Na roƙi shugaban makarantarmu ya sauya mini aikin tsaron yara a fili da tsakar rana, ya amince, yanzu taron safe kawai nake tsayawa.