Kafin ka jefa kwamfutar Linux cikin jaka

Idan ka rufe marfin kwamfutarka ta ƙi yin barci, kada ka yi saurin kai ta wajen mai gyara. Buɗe tamina (wurin rubuta wa kwamfuta umarni) ka rubuta:

journalctl -k | grep -i -A20 freez

Kafin Linux ya kwanta, sai ya tsayar da duk manhajojin da ke aiki. Yana ba su daƙiƙa 20. In ɗaya ta ƙi tsayawa, sai ya fasa barcin, ya tashi sauran, kwamfuta ta ci gaba da aiki cikin jaka. Ni haka na taɓa ciro tawa da zafi rau, batir ya ƙare, ga ba wuta a unguwa.

Saƙon da umarnin nan ya fitar zai nuna maka sunan mai taurin kan. Galibi manhaja ce da ke jiran faifan USB ko ma'ajin fayil na NFS (wanda ke kan wata kwamfuta, ake isa gare shi ta hanyar sadarwa) da sadarwarsa ta yanke. Cire faifan ko ma'ajin da umarnin umount tukuna, sannan ka rufe marfi.

Ana iya ƙara lokacin a /sys/power/pm_freeze_timeout, amma wadda ta maƙale ko minti biyar ka ba ta ba za ta motsa ba.

In tsayarwar ta wuce lafiya amma allo ya ƙi dawowa, wannan galibi matsalar direba ce (manhajar da ke sarrafa wani sashe na kwamfuta), dabarar nan ba ruwanta.