Babi na Shida: Yadda ake mayar da duro murhun banda

Mai son yin bandar kifi ko ta nama a gida ba sai ya sayi murhu mai tsada ba, domin duron ƙarfe guda ɗaya, irin mai cin lita 200, ya ishe shi. Ku karanta wannan babi sannu a hankali, inda kuka kakare kuma ku koma baya ku sake, babu mai gaggauta ku.

Darasi na 1: Zaɓen duro da wanke shi

Kafin ku biya kuɗi, ku tambayi mai duron abin da aka taɓa zubawa a ciki. Na man gyaɗa ko na manja shi ya fi dacewa. Wanda aka zuba wa maganin feshi, ko wani sinadari da ba ku sani ba, ku bar shi ko da kyauta aka ba ku, domin babu wankin da zai sa ya dace da abinci. Haka nan ku guji farin ƙarfe irin na kwanon rufi, saboda yana fitar da hayaƙi mai guba idan ya ji wuta.

Ga inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, don haka ku natsu. Duron da ya taɓa ɗaukar fetur ko kananzir, ko da ya bushe ƙayau, tururin man yana nan kwance a cikinsa, kuma tartsatsi ɗaya daga abin yanka ya isa ya fasa shi ya hallaka wanda ke tsaye a kansa. Tun da ba kowane mai sayarwa ne yake faɗin gaskiya ba, ku ɗauka kowane duro na fetur ne. Ku kwance murafen nan biyu na samansa, babban da ƙaramin, ku zuba ruwan zafi da omo, ku mirgina shi a ƙasa, ku zubar, ku maimaita har sau 3. Bayan haka ku cika shi da ruwa har ya tumbatsa, kuma ruwan yana ciki mai walda zai yanke saman.

A sake karantawa: ruwan yana ciki ake yanka. Ba a zubar da shi sai saman ya fita gaba ɗaya. Na sha ganin magidanci ya sunsuna bakin duro ya ce bai ji warin komai ba, alhali hanci ba abin awo ba ne. Wani kuma yakan ce mai walda ya san aikinsa. Ko ya sani, ku ne za ku tsaya a kai sai an cika duron, domin kuɗin jarkokin ruwa ba su kai ran mutum ba. Wanda ya ga wannan ya yi masa wahala, gara ya rufe littafin tun daga nan.

Darasi na 2: Ƙonawa da ƙofa

Idan an cire saman, ku ajiye shi, shi ne zai zama murfi. Ku hura wuta mai ƙarfi a cikin duron a fili, nesa da yara, har fentin ya ƙone, sannan ku kankare shi bayan ya huce. Mai walda zai yanka ƙofa a gindi, kamar santimita 25 a tsaye da kwance, wadda ta nan itace da iska za su shiga. A huda gefe da gefe daidai tsakiyar duron a zura rodi biyu, a ɗora ragar waya a kansu. Mai son hawa biyu ya ƙara wasu rodin sama da na farko. A yi wa murfin 'yan ramuka saboda hayaƙi. Duk wannan fa sai bayan an wanke, an cika da ruwa, an yanke saman.

Darasi na 3: Wuta

Ku yi amfani da busasshen itace mai ƙarfi irin ƙirya, ban da katako mai fenti, ban da leda ko kananzir. Ku fara hura murhun babu komai a ciki. Ranar banda kuma a bar harshen wuta ya kwanta tukuna, sannan a jera kifin, ana juyawa har ya bushe.