Yadda ake zama ƙwararren ɗan wasan ragbi lig, da yadda ake daɗewa a cikinsa

Da farko dai ka tantance wane zari-ruga kake nufi, don iri biyu ne kuma mutane da yawa suna cakuɗa su. Akwai na mutum 15 a kowane ɓangare wanda ake ce wa yuniyon, akwai kuma na mutum 13, shi ne lig, shi muke magana a kai. Sun rabu ne tun 1895 a garin Huddersfield na arewacin Ingila, lokacin da kulob 22 suka ɓalle daga hukumar wasan, kuma ba komai ya raba su ba sai kuɗi. 'Yan wasan arewa leburori ne na ramukan kwal da masaƙu, in mutum ya je wasa ranar Asabar ya rasa ladan aikin ranar, kulob ɗinsu suka ce to bari mu riƙa biyan su abin da suka rasa, hukuma ta ce sam ba ta yarda ba. Ka ga ke nan tun ranar farko wannan wasa sana'a ce, kuma jarin da kake zubawa a cikinta jikinka ne, kullum ana ci daga jikin jarin ba a mayarwa. Duk shawarar da zan ba ka a ƙasa daga nan ta taso.

Dokokin ba su da wuyar kamawa. Minti 80 ne, 40 kowane zagaye. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar a kayar da ita sau shida, in ba ta ci ba sai ta miƙa wa abokan hamayya, shi ya sa yawanci bayan kamu na biyar ake buga ƙwallon da ƙafa can nesa. Dire ƙwallo a bayan layi maki 4 ne, bugun da ke biyo baya 2, fanareti 2, bugun dirowa tsakanin sanduna yawanci 1. Ƙwallo ba a jefa ta gaba, sai gefe ko baya. Wannan a sati ɗaya za ka haddace. Abin da ba a haddacewa a sati ɗaya shi ne takal, wato kamo mai ƙwallo a kayar da shi, kuma a nan nake so ka fi ba da lokacinka.

Yara duk gudu da ƙwallo suke so, amma koci idan ya zo duba matasa ba mai gudun kaɗai yake kallo ba, yana kallon wanda in an nufo shi da ƙarfi ba ya kauce wa. Ga yadda ake koyonsa: ka matso kusa da gajerun taku kada ka tsaya daga nesa kana miƙa hannu, ƙafarka ta gaba ta shiga kusa da shi sosai, ka rage tsawo ta hanyar lanƙwasa gwiwa ba ta sunkuyar da kai ba, idonka a buɗe yana kan ƙugunsa, kafaɗa ta daki jikinsa ƙasa da ƙwallo, kai kuma ya koma gefe, kuncinka a manne da jikinsa, sannan hannaye biyu su nannaɗe shi ka ci gaba da turawa da ƙafafu har ya kai ƙasa. Kan da aka sa a gaban gwiwa ko ƙugun mai gudu shi ne kan da ake fitarwa daga fili. Kuma kada ka saba da dukan kafaɗa ba tare da nannaɗe hannu ba, an haramta shi, haka ma duk abin da ya taɓa wuya ko kai, rafali zai iya ba ka minti 10 a waje ko ya kore ka gaba ɗaya, bayan wasa kuma kwamitin ladabtarwa ya ƙara maka dakatarwa.

Bayan takal sai numfashi. Duk lokacin da aka kayar da mai ƙwallo, masu tsaro sai sun ja baya mita 10 kafin su sake tasowa, ban da biyun da ke tsaye a gabansa. To ka lissafa, ka taso ka yi karo ka faɗi ka miƙe ka ja da baya ka sake tasowa, haka ba hutu, shi ya sa gudun dogon zango shi kaɗai ba ya wadatarwa, atisayenka ya zama na gajeren gudu da kwanciya da tashi, a haɗa da kokawa a ƙasa don kulob-kulob har kocin kokawa suke ɗauka saboda a jinkirta tashin wanda aka kayar da daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Sai ka san gurbinka, kuma ka yi wa kanka gaskiya. Lamba 8 da 10 su ne ƙartin gaba masu kilo ɗari da wani abu, aikinsu su ɗauki ƙwallo su afka cikin mutane. Lamba 9 shi ke ɗaukar ƙwallo daga ƙasa bayan kowane kamu ya raba, kuma ba abin mamaki ba ne ya yi takal 40 ko fiye a wasa ɗaya. Lamba 2 da 5 a gefe suke, gudu da tsalle. Lamba 1, 6, 7 da 9 su ake kira ƙashin bayan ƙungiya, su ke juya wasa, kuma su suka fi kwasar albashi. In jikinka ƙarami ne kada wani ya karya maka gwiwa, Rob Burrow tsawonsa bai wuce santimita 165 ba amma ya ci fainal ɗin Super League, babbar gasar Ingila, sau 8 da Leeds Rhinos. Johnathan Thurston kuwa an sha ce masa ya yi ƙanƙanta, sai da ya yarda ya tafi Canterbury Bulldogs ba albashi kafin a kula shi, daga baya ya ci kyautar Dally M ta gwarzon shekara sau 4, kuma bugunsa ne ya ba North Queensland Cowboys kofinsu na farko a 2015. Amma fa su biyun nan sun biya kuɗin ƙanƙantar da wani abu, ɗaya da saurin da ba a kamawa, ɗaya da ƙafa da kaifin ido. In ba ka da girma dole ka zo da naka.

Yanzu maganar hanya. Gasar da ake cin abinci da ita sosai biyu ce a duniya, NRL a Ostareliya da Niyu Zilan, sai Super League a Ingila da Faransa wadda aka fara a 1996. A jihar New South Wales ta Ostareliya tsanin a jere yake: kofin Harold Matthews na 'yan ƙasa da shekara 17, SG Ball na ƙasa da 19, Jersey Flegg na ƙasa da 21, sai NSW Cup na manya masu jiran kira. A jihar Queensland akwai Mal Meninga Cup na matasa sannan Queensland Cup. A Ingila kulob zai ɗauki yaro cikin shirin 'yan ƙasa da 16, ya wuce akadami ta 'yan ƙasa da 18, daga nan ko ya shiga babbar ƙungiya ko a ba da shi aro ga kulob na gasar Championship ya je ya sha karo da manya. In an ba da kai aro kada ka ɗauke shi wulaƙanci, wasa 20 da ƙarti a ƙaramar gasa ya fi maka zaman benci a babba. Wanda kuma bai taso cikin wannan tsari ba ƙofa ba ta rufe ba, sai dai ta yi ƙunci. Justin Olam daga Papuwa Niyu Gini ya bi ta PNG Hunters, wadda ke buga Queensland Cup, ya kai Melbourne Storm ya ci kofi a 2020. Martin Offiah, wanda aka haifa a Landan iyayensa 'yan Najeriya, daga yuniyon ya tsallako zuwa Widnes, Wigan ta saye shi fam 440,000 a 1992, kuɗin da ba a taɓa biya wa ɗan wasan lig ba a lokacin. Mata ma yanzu suna da tasu gasar, NRLW, tun 2018.

To an kira ka, an ajiye takarda a gabanka. A nan ne matasa suke yin wauta saboda zumuɗi. A NRL kowane kulob yana da jerin mutum 30 na babbar ƙungiya, a ƙasansu akwai 'yan kwantiragin raino, a ƙasan waɗannan kuma akwai 'yan zo-mu-gwada-ka waɗanda ake biya sati-sati lokacin shirin kaka. Ka tambaya ƙarara wanne ake ba ka. Mafi ƙarancin albashin ɗan jerin 30 ya kai dalar Ostareliya 120,000 a shekara a 2023, taurari kuma suna haura miliyan ɗaya, amma akwai iyakar abin da kulob zai kashe a albashi gaba ɗaya, don haka duk abin da tauraro ya ƙara daga bakin wani aka cire. A Ingila iyakar ta daɗe a fam miliyan 2.1 ga kulob baki ɗaya, ka raba wa mutum kusan 30 ka ga abin da ya rage, shi ya sa gwanayen can suke ta hanƙoron tsallakawa Ostareliya. Ejan ɗinka, wato wakilinka, ya zama mai rajista da hukumar gasar, ka san kason da zai ɗauka, ka duba shekara nawa ne, ka duba ko zaɓin ƙarin shekara a hannunka yake ko a hannun kulob, ka duba me takardar ta ce in ka ji rauni. Kuma duk wanda ya ce zai ba ka wani abu ta bayan fage wanda ba a rubuta ba, ka tuna Melbourne Storm, a 2010 aka ƙwace musu kofunan 2007 da 2009 saboda irin wannan, 'yan wasan da suka zubar da gumi suka wayi gari ba kofi. Ka kuma riƙe ranar 1 ga Nuwamba, daga ita ce ɗan NRL da ya shiga shekarar ƙarshe ta kwantiraginsa yake da damar tattaunawa da wasu kulob.

Rayuwar kanta ba ta da wani armashi yadda ake gani a talabijin. Shirin kaka a Ostareliya a Nuwamba yake farawa, daidai shigowar zafinsu, gudu da ɗaga ƙarfe da kokawa har Fabrairu. Gasa ta fara a Maris, kowane kulob wasa 24 kafin zagayen ƙarshe, fainal a farkon Oktoba. Sati kuma kusan kullum iri ɗaya ne, washegarin wasa ruwan ƙanƙara da tausa da ganin likita, sai zaman bidiyo inda za a tsayar da hoton takal ɗin da ka kuskure a gaban kowa a maimaita shi, sai atisaye mai nauyi a tsakiyar sati, sai ɗan gajere ana gobe wasa. Akwai na'urar GPS a bayan rigarka tana ƙirga kowane taku, ba wurin ɓuya. Barci da abinci su ma aiki ne. Masu azumi kuwa su zauna da likitan abinci na kulob tun kafin watan ya kama, ba sabon abu ba ne a wurinsu, Hazem El Masri ya yi shekaru yana buga wa Bulldogs yana riƙe da azuminsa, kuma da ya yi ritaya a 2009 ba wanda ya kai shi yawan maki a tarihin gasar.

Sai rauni, wanda ba tambayar ko zai zo ake yi ba. Gwiwa, kafaɗa, jijiyar bayan cinya, haƙarƙari. Za ka ji ana ta yabon Sam Burgess da ƙashin kuncinsa ya karye a karon farko na fainal ɗin 2014 ya ƙarasa wasan har ƙungiyarsa South Sydney ta ci, gaskiya jarumta ce, amma shi ɗin dai kafaɗa ce ta tilasta masa ajiye wasa a 2019 yana ɗan shekara 30. Ni a ganina labarin da ya fi kamata matashi ya riƙe shi ne na Boyd Cordner, kyaftin ɗin Sydney Roosters da New South Wales da Ostareliya, wanda ya ajiye a 2021 yana da shekara 29 saboda yawan buguwar kai. In ka sha karo ka ji jiri ko ka ga wuta-wuta ko ka manta abin da ya faru yanzu-yanzu, ka faɗa. Za a fitar da kai minti 15 a gwada ka, in an tabbatar ka bugu NRL ta wajabta hutun kwana 11 tun 2023. Na san tsoron, wani ya hau gurbinka ya ƙi sauka, amma wanda ya ɓoye ya koma fili ya sake buguwa kafin ƙwaƙwalwa ta warware, abin da zai rasa ya wuce gurbi.

Halinka a waje ma yana cikin kwantiragi. Ba a yarda ka yi caca a kan wasan lig ba ko da ba naka ba ne, ana iya zuwa gwajin ƙwayoyi ba sanarwa, kuma ko maganin mura ne ka nuna wa likitan kulob kafin ka sha. Bidiyo ɗaya na daren shashanci ya isa ya yaga takarda.

Cameron Smith ya buga wasa 430 a NRL daga 2002 zuwa 2020, kuma shi kaɗai ne ya taɓa haura 400 a gasar, don haka kada ka yi lissafin rayuwarka da nasa. Da yawa ko 50 ba sa kaiwa. Aikin koci da sharhi a talabijin kujerunsu kaɗan ne, irin su Burgess da Kevin Sinfield, tsohon kyaftin ɗin Leeds, sun samu, sauran kuwa gini ne da aikin famfo da wayarin ɗin lantarki da koyarwa da buɗe wurin motsa jiki. Tsohuwar gasar 'yan ƙasa da 20 ta NRL har doka gare ta, in ba ka aiki ba ka karatu to ba ka wasa. Kowane kulob na NRL yana da jami'in walwala da ilimi, ƙungiyar 'yan wasa ta RLPA ma tana taimakawa da kuɗin karatu, ka je ka same su tun a shekararka ta farko, ka zaɓi kwas ko sana'ar da za ta shiga ranar hutunka ta tsakiyar sati, ka kuma ware wani kaso na albashi a asusun da katinsa ba ya aljihunka.